Tsoffin baturan kwamfuta: a sayar mana da su da awo

Tun farkon watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, duk abin da ke iya riƙe wuta ya zama haja a Yamai. Wajen kashi 70 cikin ɗari na wutar da kamfanin lantarki na ƙasa, NIGELEC, ke rabawa daga can take zuwa, saboda haka unguwanni suka koma karɓa-karɓa, wasu su samu da rana, wasu sai tsakar dare. Mai hali ya ɗora farantan sola a rufin gida ya kafa batirin litiyom a bango. Mai matsakaicin ƙarfi ya sayi batirin dalma. Wasu samari kuma, yawancinsu masu gyaran waya da kwamfuta, suka fara bin shaguna suna tambayar baturan kwamfuta da suka mutu, suna fasawa, suna tsince ƙwayoyin ciki, suna haɗa abin da zai juya fanka ya kunna fitila. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, wuta ta dawo, tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ma ta shiga aiki, amma kowa ya san yadda bazara take yi mana, don haka sana'ar ba ta mutu ba.

Ni dai ina goyon bayan wannan aiki, kuma ba na cikin masu cewa a hana shi. Abin da nake ƙi shi ne yadda ake cinikin ƙwayoyin: a tsibi, da ƙirga, ba tare da kowa ya san abin da ke ciki ba. Yawancin gobara da asarar da ke cikin wannan sana'a ana sayen su ne tun a kasuwa, kafin a kai ga haɗawa.

In ka fasa batirin tsohuwar kwamfutar hannu, irin wanda ake zarewa ta baya, za ka tarar da ƙwayoyi masu siffar gwangwani, yawanci shida, wani lokaci huɗu ko tara. Sunansu 18650, wato faɗin milimita 18 da tsawon milimita 65. Kowace tana ba da wajen bolt 3.7, ta kai 4.2 in ta cika. Kamfanoni kaɗan ne suka ƙera mafi yawan na kirki: Sony, wanda shi ya fara fito da batirin litiyom kasuwa a 1991, sai Sanyo, Panasonic, Samsung da LG. Ba ƙaramin abu ba ne kuwa, domin motar Tesla ta farko da aka fitar a 2008 da irin waɗannan ƙwayoyi guda 6,831 take tafiya.

Dalilin da ya sa ake samun masu rai a cikin mataccen batir shi ne yadda aka jera su. A batir mai ƙwaya shida, bibbiyu ake haɗa su, sannan a jera rukuni uku ɗaya bayan ɗaya. In rukuni guda ya gaza, ɗan allon da ke gadin batirin sai ya rufe hanya gaba ɗaya, kwamfuta ta daina caji, mai ita ya ce batir ya mutu. Sau da yawa huɗun da suka rage da sauran ƙarfinsu. Zubar da su a bola ɓarna ce, musamman a ƙasar da wajen mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da lantarki a gida.

Lissafin ma yana jan hankali. Ƙwayar da ta rage da mAh 2000 (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da ƙwaya ke ɗauka) tana riƙe da wat-awa 7.4. Fankar sola mai jan wat 20, in za ta kwana tana juyawa awa takwas, wat-awa 160 take buƙata, ƙwaya ashirin da 'yan kai ke nan, abin da bai wuce cikin tafin hannu biyu ba. Fitilu uku masu wat 5 na awa biyar, ƙwaya goma. Batirin dalma na bolt 12 mai amfiya-awa 100, wanda bai kamata a sha fiye da rabinsa ba in ana so ya daɗe, wat-awa 600 yake bayarwa, kuma nauyinsa ya kusa kilo 30. Ƙwaya tamanin za su ba da wannan, nauyinsu bai kai kilo huɗu ba. Wanda ya taɓa ɗora batirin dalma a bayan babur daga Katako zuwa Talladje ya san darajar wannan bambanci.

To amma lissafin nan duk ya ginu ne a kan cewa ƙwayar tana da mAh 2000 ɗin da gaske. A nan ne cinikin biri a sama yake shigowa.

Je ka wurin mai sayarwa, zai ɗauko ƙwaya ya ɗora mata mita, ya juyo maka fuskar ya ce, "Maigida, duba da idonka, 3.9, duk masu rai ne." Bai yi ƙarya ba, kuma wataƙila shi ma iyakar saninsa ke nan. Sai dai bolt ba ya faɗin yawan wutar da ƙwaya ke iya ɗauka. Ƙwayar da ta tsufa tukuf, wadda ba ta riƙe ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da take riƙewa da, ita ma za ta nuna 4.2 in an caja ta, har ma ta riga 'yan uwanta cika saboda babu wurin zubawa. Abin da mita ke iya yi shi ne ta fitar da wadda ta faɗi ƙasa ƙwarai. Ƙwayar da aka tarar ƙasa da bolt 2, ta daɗe a haka, jan ƙarfen da ke cikinta yakan narke, in aka sake caja ta ya taru ya zama ƙananan tsinke da ke iya huda abin da ya raba ɓangarorin biyu. Ita ce ƙwayar da ke zama lafiya wata uku, sannan wani dare ta ɗau zafi ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Akwai masu gyara da ke alfahari da cewa suna "tayar da" irin waɗannan, su buga musu wuta daga wata ƙwaya har mita ta motsa, su mayar da su cikin tsibi. Wannan ba gwaninta ba ce, kuma mai saye ba shi da hanyar ganewa da ido.

Sai maganar asalin batirin. Kwamfutocin da ke hannun mutanenmu yawancinsu na hannu ne, sun yi shekarunsu a ofisoshin Turai ko Amurka kafin su biyo ta Kwatano, Lome ko Legas su iso mana. Batirin asali yakan mutu ba da jimawa ba, sai mai kwamfuta ya sayi na canji mai araha, wanda ke da sunan kamfanin a jiki amma ƙwayoyin cikinsa ba su da suna, ko sunan da babu wanda ya taɓa ji. Shi ma in ya mutu sai ya shiga kwali ɗaya da na asalin a ƙarƙashin teburin mai gyara. Saboda haka kwalin da ake sayar maka a dunƙule gauraye yake, kuma masu kaifin ido sun riga ka zaɓe. Ƙwayar asali tana da lamba a jiki wadda za ka iya nema a intanet ka ga abin da kamfanin ya ce tana ɗauka tana sabuwa; alal misali ta Samsung mai ruwan hoda da aka rubuta wa ICR18650-26F, mAh 2600 ce. Nauyin ta kirki yakan kai wajen giram 45. In ka ɗauki ƙwaya ka ji ta sakayau, ajiye ta. In kuwa ka ga an rubuta 6800 ko 9900 a jikin sabuwar riga mai ƙyalli, to ka san an raina maka hankali ne, domin mafi ƙarfin 18650 da manyan kamfanoni suka saba fitarwa a wajen 3500 suke tsayawa. Wasu daga irin waɗannan masu ƙyallin tsoffin ƙwayoyi ne da aka sake wa riga a wata ƙasa aka turo mana a matsayin sabbi.

Akwai kuma abin da ba mu cika son ji ba: batirin da ya yi rayuwarsa a Yamai ya fi wanda ya yi ta a ƙasar sanyi tsufa. Abu biyu ne ke cinye litiyom, zafi da zama a cike tam. Kwamfutar ofis a nan kullum a jone take, don kada a ɗauke wuta a same ta ba caji, kuma a Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yakan haura digiri 40. Duka biyun sun haɗu mata. Wanda ya kalli bidiyon wani Bature yana fasa batura yana samun mafi yawansu da ƙarfi, ya ɗauka haka zai samu a Wadata, zai sha mamaki.

Awon gaskiya ba wuya gare shi ba, lokaci yake ci. A caja ƙwayar a hankali ana taɓa ta, wadda ta ɗau zafi a cire ta nan take. A sauke ta da na'urar awo wadda ke ƙirga abin da ya fita daga cikinta, irin su LiitoKala ko Opus masu gurbi huɗu, a rubuta adadin a jikinta da maka. A sake cika ta, a ajiye ta mako biyu zuwa huɗu ba a taɓa ba, sannan a sake auna bolt ɗinta. Wadda ta zube da kanta tana da ciwo a ciki komai yawan mAh ɗin da ta nuna. Ƙwaya mai 2000, in ana sauke ta a rabin amfiya, awa huɗu take ɗauka, ga cikawa kafin nan da bayan nan. Zagaye guda yini ne. Wanda ke son kilowat-awa ɗaya yana buƙatar ƙwaya 135 masu kyau, zagaye talatin da huɗu ke nan a na'ura mai gurbi huɗu, ban da waɗanda za su faɗi jarrabawa. Kuma in aka ɗauke wuta ana tsakiyar awo sai a koma farko, shi ya sa masu yin aikin da gaske suke jona na'urar awon a batirin sola. Wahalar nan ce take sa mutane tsallake awo, su haɗa duk abin da suka samu, su ce Allah ya tsare.

Ra'ayina shi ne wahalar ta koma kan mai sayarwa. Ba ma sayen hatsi a buhu a ɗaure; tiya ake kawowa a auna a gabanmu, kuma kowa ya yarda haka ciniki yake. Ƙwayar batir ma a sayar da ita da adadin da aka auna a rubuce a jikinta, da ranar da aka auna, kuɗinta ya bi ƙarfinta: mai 2200 da kuɗinta, mai 1500 da nata, a faɗa wa mai saye cewa wannan ta tocila ce ko rediyo. Mai shago ɗaya da ke da na'urorin awo biyar zai yi wa unguwa guda aikin da mutum hamsin za su yi rabi-rabi a ɗakunansu. Kuma a bar na'ura guda a kan tebur, duk wanda ya yi shakka ya zaɓi ƙwaya ɗaya daga abin da ya saya, a sa ta, ya tafi salla da cin abinci ya dawo ya ga sakamako. Wannan ba ya buƙatar doka daga sama. Masu gyaran waya da kwamfuta suna da shugabanninsu a kasuwa, su ne za su iya cewa daga yau wanda bai auna ba ya sayar a matsayin wanda ba a auna ba, da farashin da ya dace da haka.

Na san abin da za a ce: awo zai sa ƙwaya ta yi tsada, alhali talaka ya zo nan ne don araha. Haka ne, za ta ƙara kuɗi. Amma a duba me talakan ke saye yanzu. Ya biya kuɗin ƙwaya arba'in, rabi ba su da amfani, kuma bai san wane rabin ba ne. Ya haɗa su, rukunin da ya fi rauni shi ke yanke wa sauran hukunci, domin da zarar ya ƙare dole batirin duka ya tsaya. Fankar da aka ce masa za ta kwana sai ta mutu ƙarfe ɗaya na dare. Bayan wata biyu ya koma wurin mai haɗawa, shi kuma ya ce ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ƙwaya ashirin da aka auna sun fi masa waɗannan arba'in ɗin, ko da kuɗin ya zo ɗaya.

Inda nake da tsauri shi ne batun yo odar tsoffin batura daga waje a dunƙule. Da zarar abu ya yi kasuwa, sai wani Alhaji ya ce me zai hana a ciko kwantena. A can inda ake tara su, mataccen batirin litiyom nauyi ne a wuyan mai shi, sai ya bi dokoki ya kashe kuɗi kafin ya rabu da shi, don haka duk wanda ya zo zai kwashe ana maraba da shi. Su ma kuma suna da masu auna ƙwayoyi suna sayar da na kirki a kasuwarsu. Me kake tsammanin zai rage a turo mana? An taɓa bin diddigin kayan lantarki na hannu da ke shiga tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016, aka samu wajen tan 60,000 a shekara, da yawansu a cushe cikin motocin gwanjo, kuma sama da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun daga can. Nahiyarmu ta daɗe da sanin wannan wasa. Bayan gubar da aka jibge a garin Koko na Najeriya a 1988, ƙasashen Afirka suka ƙulla yarjejeniyar Bamako a 1991 wadda ta hana shigo da shara mai haɗari, Nijar kuma tana ciki. Daga farkon 2025 yarjejeniyar Basel ma ta wajabta neman yardar ƙasar da za a kai wa sharar lantarki kafin a loda ta. Abin da nake so jami'an duwan su riƙe mai sauƙi ne. Ƙwayoyin da aka auna, aka jera a kwali kowace a gurbinta, da takardar da ke faɗin ƙarfinsu, haja ce, a bar ta ta shigo. Buhun batura da aka zuba kamar gawayi, shara ce ko da an rubuta mata "kayan gyara".

Jigilar ma abin dubawa ce. Tun 2016 aka hana ɗora baturan litiyom a matsayin kaya a jiragen sama na fasinja, saboda abin da aka gani sun yi. Mu kuwa ana zuba ƙwayoyi tsirara a leda, bakin wannan na taɓa gindin waccan, a ɗaure a saman motar Tawa ko Agadas ta yini a rana, mutum saba'in na zaune a ƙasa. Ɗan salatif a bakin kowace ƙwaya da kwali mai gurabe sun isa su rage yawancin haɗarin.

Alhali kuwa akwai ma'adinin da ba mu taɓa ba a cikin gida. Ma'aikatun gwamnati, bankuna, ƙungiyoyin agaji da ofisoshin ayyukan raya ƙasa suna sauya kwamfutoci duk bayan 'yan shekaru, tsoffin kuma su kwanta a sito suna jiran takardar da za ta ba da izinin fitar da su. Waɗannan su ne baturan asali, an san shekarar da aka saye su, an san inda suka zauna, wasu ma a ɗaki mai sanyi. Kowace shekara da suka ƙara a sito suna zubewa ne a hankali, har su faɗi ƙasa da bolt 2 ɗin nan su tashi daga aiki. Da za a riƙa zare baturan da wuri ana miƙa wa makarantun sana'a irin su Issa Beri, ko ɗaliban lantarki na makarantar injiniyoyi ta EMIG, su auna, su rubuta, su sayar wa masu haɗawa a farashi mai sauƙi, da an samu ƙwaya mai asali da kuma yara masu hannu. Asusun FAFPA an kafa shi ne don horar da masu koyon sana'a. Kwas na mako biyu a kan awo da haɗa batir bai fi ƙarfinsa ba. Ƙasar da ta kafa ofishin makamashin rana, ONERSOL, tun 1965, inda Farfesa Abdou Moumouni ya yi shekaru yana ƙera na'urorin dafa ruwa da girki da hasken rana, bai kamata ta bar 'ya'yanta suna koyon litiyom daga YouTube kaɗai ba.

Dole in ce wani abu a kan haɗawar, ko da yake ba ita ce ainihin maganata ba, domin ƙwaya mai kyau ma tana iya zama masifa a hannun mai gaggawa. Litiyom ba ya yafe wuce iyaka. Batirin dalma in ka cika shi fiye da kima ruwansa ne zai ƙone. Ƙwayar litiyom in ta wuce 4.2 da nisa tana iya kamawa da wuta, ta kunna ta kusa da ita, ita ma ta kunna ta gaba, hayaƙin kuma guba ne. Ko manyan kamfanoni sun sha wannan: a 2006 Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera saboda wasu sun kama wuta, kuma na asali ne daga masana'anta. Shi ya sa allon gadi, wanda masu aikin ke kira BMS, ba abin da za a yi wa rowa ba ne, shi ke sa ido a kan kowane rukuni ya yanke caji in ya cika. Regiletan sola, wato na'urar da ke daidaita cajin da farantin ke turowa, da aka saita don batirin dalma ba ya maye gurbinsa. Akwai kuma matsalar da ke kama masu neman bolt 12: rukuni uku suna tsayawa a 12.6 su yi ta sauka har inbata ta fara kuka da sauran wuta a ciki, rukuni huɗu kuma suna kai 16.8, wanda ya fi ƙarfin yawancin kayan bolt 12. Rukuni bakwai a tsarin bolt 24 sun fi zama daidai. Liƙa waya da dalma kai tsaye a bakin ƙwaya yana dafa cikinta in hannu ya daɗe. Na'urar walda mai ɗigo da zaren nikel ita ce ta dace, da ɗan siririn fis a kan kowace ƙwaya don in ɗaya ta lalace ta yanke kanta. Sannan a tuna ƙwayoyin kwamfuta an yi su ne don ja a hankali. Inbata mai wat 1000 a bolt 24 tana jan sama da amfiya 40. In ƙwaya goma ce a kowane rukuni, amfiya huɗu ke nan a kan kowace tsohuwa. Fanka, fitila, cajin waya, talabijin ƙarama, waɗannan ne aikinsu. Mai son dutsen guga da injin jan ruwa ya nemi wani batirin.

Masu ƙera ƙwayoyin nan sun ce a caja su tsakanin digiri 0 da 45. Ɗakin kwano a Lazare ko Bukoki da azahar ɗin Afrilu yana iya wuce haka, kuma daidai lokacin ne farantin sola ke turo wuta da ƙarfinsa. Batirin da aka haɗa a gida wurinsa inuwa ne mai iska, cikin akwatin ƙarfe, nesa da katifa da galan ɗin man babur, ba ƙarƙashin gadon da yara ke kwana ba. Masu shago a kasuwa kuwa, inda rumfa ke jingine da rumfa, su daina barin ƙwayoyi a caji su kulle su tafi gida. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai 1987 aka sake buɗe ta, ƙaramar kasuwa ta bi a 2012, Katako kuma ta sha gobara ba sau ɗaya ba. Ba ma neman ƙarin dalili.

Wannan sana'a a siffarta ta yanzu ba za ta daɗe ba. Kwamfutocin da aka ƙera a shekaru goman da suka wuce yawancinsu batirinsu shimfiɗaɗɗe ne, mai laushi, a manne a ciki, wanda ke kumbura in ya tsufa kuma ba shi da daɗin sake amfani. Duk 18650 da ka ciro daga batirin asali yau, mai yiwuwa ta haura shekara goma. A ɗaya gefen sabon batir sai araha yake yi: matsakaicin farashin kilowat-awa a duniya ya sauko daga sama da dalar Amurka 1,000 a 2010 zuwa 115 a 2024. Nau'in batirin litiyom da ake kira LiFePO4, wanda ya fi jure zafi, ya fi wuyar kamawa da wuta, kuma ƙwaya huɗu nasa ke ba da bolt 12.8 cif, ya riga ya cika shagunan sola. Wanda ke da kuɗin haɗa babban batir na gida duka, shawarata ya sayi wannan ya huta. Amma baturan bangon da aka kafa a gidajen Yamai tun 2023 su ma za su fara gazawa rukuni-rukuni, haka na fitilun titi masu sola da na babura masu lantarki, kuma yaron da ya koyi awo da daidaita rukuni a kan ƙwayoyin kwamfuta shi ne zai iya buɗe su ya gyara maimakon a ce a sayi sabo.

Saura waɗanda suka faɗi jarrabawa, kuma in aka fara awo da gaske za su yi yawa. Yanzu inda suke ƙarewa shi ne bola, inda ake cinna wa shara wuta da yamma, inda yara 'yan jari-bola ke tona da hannu, ko kwata, ruwan damina ya kwashe su ta Gountou Yena zuwa kogin Isa. A duniya an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kuma a Afirka abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Batirin dalma aƙalla yana da mai saye a kilo, duk da cewa fasa shi a cikin unguwa ya kashe yara 18 a Thiaroye ta Dakar tsakanin 2007 da 2008. Ƙwayar litiyom ba ta da mai nema a nan, alhali na kwamfuta da yawansu suna ɗauke da kobalt, ƙarfen da kamfanonin sake sarrafawa a waje ke biya don su samu, in an tara musu da yawa. Abin da nake roƙon ma'aikatar magajin gari da shugabannin kasuwa shi ne durom na ƙarfe mai murfi, da yashi a ciki, a inuwa, ɗaya a Katako, ɗaya a Wadata, ɗaya a babbar kasuwa. A sauke wutar ƙwayar, a liƙe bakinta da salatif, a jefa. Mai sayarwa kuma ya riƙa karɓar matattun da abokin cinikinsa ya dawo da su ya rage masa wani abu a kan sabon saye, shi ya kai su durom ɗin. In ya cika, ma'aikatar muhalli ta nemo kamfanin da ke da izinin fitar da shi.